Wayar Aljihu a Matsayin Modem: Layin da Ba a Taɓa Ja Mana Ba

 

An nemi in yi bayani a kan yadda wayar hannu ke zama modem, wato ta zama ƙofar da kwamfuta ko wata na'urar hannu za ta bi ta shiga intanet, ta aika imel, ta karɓo amsa. Na tabbata mafi yawanku kuna yin haka a kai a kai, ko da ba da wannan suna kuka san shi ba. Duk lokacin da ɗalibi ya ce wa abokinsa, "Don Allah kunna min hotsifot in tura aikin malam," to, batun namu ke nan.

Ga inda zan fi ba da ƙarfi. A ƙasashen da aka ƙirƙiro wannan dabara, don matafiyi aka yi ta. Mutum ya lallaɓa da ita a tashar jirgi ko a masauki, kafin ya koma gida ko ofis, inda layin ƙasa ke jiransa. Mu kuwa babu wani layi da ke jiranmu a gida. A Gusau, a Azare, a Damagaram, a yawancin unguwannin Kano ma, wannan waya da ke aljihu ita ce hanyar, daga ita sai ita. Abin da mutum ya dogara da shi har haka, bai dace ya riƙa amfani da shi da ka ba.

Kwamfuta lambobi biyu kawai ta sani, sifili da ɗaya. Layin tarho kuwa don ɗaukar murya aka shimfiɗa shi. Aikin modem shi ne ya juya lambobin nan su koma sauti ko sigina da layi zai iya ɗauka, sannan wani modem a can ɗaya ɓangaren ya mayar da su lambobi. A 1981 wani kamfanin Amurka mai suna Hayes ya fitar da modem da kwamfuta ke iya ba shi umarni a rubuce: buga lamba kaza, jira, katse. Kowane umarni yana farawa da haruffa biyu, AT. Har gobe, in ka tona cikin ƙaramin modem ɗin nan mai kama da filashi da ake sokawa a jikin laftof, da waɗannan umarni yake aiki.

Da tsarin GSM ya zo, wanda aka yi kiran farko da shi a ƙasar Finlan a 1991, sai aka tanadi hanyar tura bayanai ta cikinsa. Saurinta bit 9,600 ne a daƙiƙa. Ku riƙe wannan lamba, domin za ta yi mana amfani. In aka raba ta da takwas, ya zama harafi 1,200 a daƙiƙa ɗaya. Wasiƙar imel mai rubutu zalla, ta shafi guda, cikin daƙiƙa biyu ko uku ta wuce. Amma hoto guda irin wanda wayoyinku ke ɗauka yau, mai nauyin megabait 3, sai ya ci minti 40 da 'yan kai. Kuma da minti ake cajin mutum, daidai da wanda ke hira a waya.

A daidai wannan lokaci ne ƙananan kwamfutocin aljihu suka fito. Kamfanin Palm ya fitar da tasa a 1996 a Amurka, Psion na Ingila ya fitar da Series 5 a 1997. Suna da kalanda, da littafin adireshi, da wurin rubutu, amma ba su da hanyar fita waje da kansu. Wayar hannu kuma tana da sabis, amma fuskarta ba ta ɗaukar fiye da layi huɗu ko biyar na rubutu. Sai aka haɗa su aure. Da farko da igiya, kuma kusan kowane kamfani da irin bakin igiyarsa. Daga baya aka koma ga hasken infirared, irin wanda ke fita daga rimot ɗin talabijin. Wayar Ericsson SH888 ta 1998 ta yi suna ne saboda ta zo da modem a cikinta, ga kuma tagar wannan haske a gefenta.

Ku kwatanta zaman a ranku. Mutum yana ɗakin jira a filin jirgin sama na Landan. Ya ɗora wayar a kan tebur, ya kwantar da ita, ya juya 'yar baƙar tagarta ta kalli ta kwamfutar aljihun, tsakaninsu bai fi taki ɗaya ba, domin hasken ba ya kai wa sama da mita guda, kuma ba ya ratsa komai. Ya danna, wayar ta buga lamba, ya jira kusan rabin minti kafin layi ya haɗu. Hannunsa ɗaya na tsare da gefen tebur. In wani ya ajiye kofin shayi a tsakani, ko ya gogi teburin wayar ta karkace, shi ke nan, layi ya yanke, kuɗin mintocin da suka wuce kuma sun tafi.

Wannan ƙunci ya koya wa mutanen wancan zamani wata tarbiyya, kuma saboda ita na kawo labarinsu. Ba sa buɗe layi sai sun gama rubuta duk wasiƙunsu, sun jera su a akwatin fita. In an haɗu, na'urar ta kwashe su ta tura gaba ɗaya, ta ɗauko kanun sababbin saƙonni kawai, wato sunan mai aikowa da abin da saƙon ya ƙunsa a taƙaice, sannan a katse. A tsanake mutum zai duba ya zaɓi waɗanda suka cancanci a sauko da su. Sukan kuma sa wa manhajar iyaka, su ce duk saƙon da ya haura nauyi kaza a bar shi can sai an koma ofis. Cikin minti biyu mutum ya gama harkar yini.

Wajen shekarar 2000 aka fara aiki da GPRS. Babban canjin da ya kawo ba sauri ba ne, domin a aikace da ƙyar yake kamo modem ɗin layin ƙasa na lokacin. Canjin yana wajen lissafi. An daina riƙe wa mutum layi guda shi kaɗai, aka koma yanka bayanai gunduwa-gunduwa ana turawa duk sa'ad da hanya ta samu. Saboda haka aka daina caji da minti, aka koma caji da nauyin abin da ya wuce. Asalin abin da muke kira data ke nan. Waɗanda suka riski lokacin za su tuna da lambar *99# da ake sa wa kwamfuta ta buga, da sunan mashiga na kamfanin waya, wanda in ka kuskure harafi ɗaya a ciki sai ka yini kana fama. Bluetooth, wanda kamfanoni biyar suka haɗu a 1998 don tsara shi, Ericsson da Nokia da IBM da Intel da Toshiba, ya raba mutane da wahalar saita taga da taga. Waya na cikin aljihu, aiki na tafiya.

Yanzu mu dawo gida. Kafin 2001, layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Dattawan da ke nan sun san abin da ake sha kafin a samu layin NITEL a gida. A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Minti ɗaya naira 50 ne, ko da gaisuwa kawai ka yi ka kashe. Sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan aka samu sa'ida. A Nijar ma a farkon shekarun 2000 ne wayar salula ta fara bazuwa.

Intanet a lokacin sai a kafe. Mutum ya sayi tikitin awa ɗaya, rabinta ta tafi wajen jiran shafi ya buɗe. Masu neman sauƙi su kwana a can, domin na dare ya fi araha kuma ya fi gudu. Daga nan aka shiga zamanin modem na sokawa, na kamfanonin GSM da na irin su Starcomms da Visafone, bayan an ba da lasisin 3G a 2007. Manhajar Opera Mini ta samu karɓuwa a wurin matasanmu saboda dalili guda: tana matse shafi a can kwamfutocin kamfaninta kafin ta miƙo shi, sai data ta yi auki. BlackBerry ya zo da imel mai faɗowa da kansa, ya yi zamaninsa ya wuce. Sannan a 2010 Android ta sa hotsifot a cikin tsarinta, Apple ya bi baya da nasa a 2011. Daga ranar, duk mai babbar waya ya zama mai modem, ko ya sani ko bai sani ba.

Kun ga mu mun tsallake wani mataki. Bature ya tashi daga layin tagulla zuwa na gilashi, waya ta zo masa a matsayin ƙari. Mu daga babu muka faɗa waya kai tsaye. Ana yawan faɗin wannan da alfahari, kuma akwai abin alfahari a ciki. Amma yana da tsada da ba a cika ambata ba: kwamfutocin da muke saya da manhajojin da ke cikinsu, an ƙera su ne da tunanin mai layin gida marar iyaka.

A nan ne kuɗinku ke zurarewa. Waya ta san tana kan data, don haka tana ɗan kama kanta. Amma da zarar ka haɗa laftof da hotsifot, ita laftof ɗin Wi-Fi kawai ta gani. Ba ta san cewa bayan wannan Wi-Fi akwai katin da ka saya da kuɗin cefane ba. Kamar baƙo ne da ya tarar da randa cike, ya ɗauka famfo ne, alhali kai ka san nawa ka ba mai garuwa. Sai ta shiga sauko da sabuntawar Windows, wadda kan kai ɗaruruwan megabait, wani lokaci ta haura gigabait. Manhajar riga-kafin ƙwayoyin cuta ta ɗauko nata. Ma'ajiyar hotuna ta fara kwashe duk abin da ke cikin kwamfutar tana turawa sama. Kai kuwa wasiƙa ɗaya ka zo aikawa. Kafin ka gama rubuta gaisuwa, saƙo ya shigo cewa datarka ta ƙare, ka hau zagin kamfanin waya. Ban ce kamfanonin ba su da nasu laifin ba. Amma a wannan karon, a kan teburinka ɓarnar ta faru.

Maganin yana nan cikin kwamfutar, an ɓoye shi ne kawai a inda ba kowa ke leƙawa ba. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, akwai wurin da za ka shaida wa kwamfuta cewa wannan haɗin na awo ne. Ka shiga saitin Wi-Fi, ka danna sunan wayarka, za ka ga maɓalli mai rubutun "Metered connection". Ka kunna shi. Sau ɗaya ake yi, kuma daga nan kwamfutar za ta dakatar da yawancin manyan saukarwa har sai ta samu wani layin. Ina roƙon kowane malamin kwamfuta da ke zauren nan ya sa wannan a darasinsa na makon farko. Tun da NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, wannan maɓalli guda ya zama batun tattalin gida.

Sai hanyoyin haɗawar. Uku ne, kuma mutane ɗaya kawai suka sani. Hotsifot na Wi-Fi shi ne sananne, shi ke ɗaukar na'urori da yawa a lokaci guda, shi ne kuma ya fi cin batir, domin waya na magana da turken sabis a gefe guda, tana watsa Wi-Fi a ɗaya gefen. Bluetooth ba shi da gudu, amma ba ya shan caji sosai, kuma ya wadatar ga imel da rubutu. Ta ukun ita ce igiyar USB, wadda ni na fi so ga mai aiki shi kaɗai. Ka soka igiyar cajinka a laftof, ka kunna zaɓin raba intanet ta USB a cikin saitin wayar. Haɗin ba ya rawa, maƙwabci ba ya ganinsa balle ya roƙa, wayar kuma tana samun caji daga kwamfutar maimakon ta riƙa zubar da nata. Sharaɗi ɗaya ne: igiyar ta zama mai ɗaukar bayanai, domin da yawa daga cikin masu arahar nan na bakin titi wuta kawai suke kaiwa.

Batun zafi ya shafe mu fiye da yadda ya shafi waɗanda suka ƙera wayoyin. Kamfanin Apple da kansa ya ce an tsara wayoyinsa su yi aiki ne a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. A Sakkwato ko Maiduguri, a watan Afrilu, inuwa ma tana haura 40. Ga hotsifot a kunne, ga caji a jone, ga wayar cikin kwanson roba a kan katifa. Batirin lithiyam ba ya son haka. Yana saurin tsufa, wani ya kumbura har ya ɗaga murfin baya. Wayar kuma in ta ji zafi ya yi yawa, da kanta take rage gudu don ta tsira, sai ka ga intanet ya yi nauyi ka ɗauka sabis ne. A cire kwanson, a ɗora ta a kan siminti ko tebur a inuwa, a kashe fuskarta.

Akwai wata fa'ida ta wannan tsari da ba a cika lura da ita ba, kuma a ƙauye na fi ganin an gane ta. Na taɓa shiga ofishin wata makarantar sakandare ta karkara lokacin da ake tura sunayen ɗalibai na jarrabawa. Sabis ba ya shiga ɗakin, ga katanga mai kauri, ga rufin kwano. Malamin ya sa wayarsa cikin safa, ya ɗaure da zare, ya rataye ta a saman ƙarfen taga ta ɓangaren da ke kallon garin da turken yake. Shi kuma yana zaune a teburinsa da laftof, yana shigar da suna bayan suna, wani ɗalibi na karanto masa daga rajista. Ya kuma gargaɗi kowa kada a kira layin sai ya gama. Abin da ya yi daidai ne ta kowace fuska. Waya mai neman sabis da ƙyar tana ƙara ƙarfin siginarta, har ta kai wat 2 a tsohon tsarin GSM, batir ya zube, gudu ya ragu. Ɗaga ta sama kusa da taga yana rage mata wannan wahala. Hana kiran ma yana da dalili: a 2G, kira na shigowa data ke tsayawa, a wayoyi da yawa masu 4G kuma kiran murya yana sauko da su zuwa 3G ko 2G har sai an gama magana.

Mutanen bakin iyaka, irin su Illela da Jibiya da Maigatari, ko Ƙonni da Maraɗi daga can ɓangaren, su kula da abu ɗaya. Waya kan tsallaka ta kama turken ƙasar maƙwabta ba tare da mai ita ya motsa ba, kuma datar yawo tsadarta daban ce. A kashe zaɓin datar yawo kafin a kunna hotsifot.

Yanzu imel, wanda shi ne rabin batun namu. Na san matasa da yawa suna ganin kayan tsofaffi ne, tunda ga WhatsApp. To amma duk wata harka mai hatimi ta imel take bi. Hukumar JAMB tana neman adireshin imel, haka NYSC, haka neman aiki, haka neman gurbin karatu ko tallafi a waje. Kuma tsari ne da ba mallakar kowa ba. Tun 1971 Ray Tomlinson ya sa alamar @ tsakanin sunan mutum da na kwamfutarsa, ƙa'idar aika saƙon da ake bi har yau kuma a 1982 aka rubuta ta. Mai Gmail yana rubuta wa mai Yahoo ba tare da neman izinin kowa ba. Ga mai ƙarancin data, babu abin da ya kai shi sauƙi, in an san yadda ake riƙe shi.

Hanyar riƙe shi ita ce ta mutanen tagar infirared. Kada ka buɗe imel a burawuza ka zauna kana tunanin abin da za ka rubuta alhali data na tafiya. Ka sa manhajar imel a kwamfutar, irin su Thunderbird, wadda kyauta ce, ko Outlook. Ka rubuta wasiƙunka babu intanet, ka karanta, ka gyara, sannan ka kunna hotsifot su tafi, sababbi su shigo, ka kashe. Ka hana manhajar buɗe hotunan cikin saƙo da kanta. Wajen saiti za a tambaye ka POP ko IMAP. Na farko yakan kwaso saƙonni ya ajiye a na'ura ɗaya, na biyu yana barin su a can ma'ajiya, duk na'urar da ka buɗe ka gan su yadda ka bar su. Ga mai waya da laftof, wanda kuma ana iya sace masa ɗaya daga ciki, IMAP ya fi.

Ku kuma san cewa duk takardar da aka liƙa wa imel tana ƙara nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya, saboda sai an juya ta zuwa haruffa kafin ta wuce. Gmail ba ya barin a liƙa wa saƙo abin da ya haura megabait 25. Takardar shaidar kammala karatu da aka ɗauka da kyamarar waya kai tsaye tana iya kai megabait 4 ko 5, alhali in aka bi ta da manhajar sikanin ta koma PDF, 'yan ɗaruruwan kilobait sun isa, kuma ta fi fitowa tsaf a idon mai dubawa.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma dole in faɗe shi a gaban iyaye. Yaro ya je kafe yin rajistar jarrabawa, a ce masa ina imel ɗinka, ya ce ba shi da shi. Mai kafe ya buɗe masa nan take, ya sa kalmar sirrin da ya ga dama, wani lokaci har lambar wayarsa ya sa a matsayin ta farfaɗo da asusun. Yaron ya tafi bai rubuta komai ba. Bayan wata shida, ko shekara huɗu, a turo masa saƙo mai muhimmanci a wannan adireshi, shi kuwa ko sunan bai riƙe ba, kafen ma an rufe shi. Na ga ɗalibai masu ƙoƙari sun yi asarar dama ta wannan hanya, kuma abin yana ƙona mini rai, domin minti goma ya isa a kauce masa. Wayar uba ko ta yaya, da laftof ɗin makaranta, sun isa yaro ya buɗe imel ɗinsa da hannunsa, da lambar gidansu, ya rubuta kalmar sirrin a inda ba za ta ɓata ba. Shugabannin makarantu, ku ware rana guda ga 'yan ajin ƙarshe don wannan kawai.

Batun tsaro gajere ne. Ka sa wa hotsifot ɗinka kalmar sirri, tsarin WPA2 ba ya karɓar ƙasa da harafi takwas, amma kada takwas ɗin su zama 12345678 ko lambar wayarka. Ka canja sunan da yake nunawa, kada ya zama cikakken sunanka, musamman ke 'yar'uwa da ke zaune a ɗakin karatu ko cikin mota. Ka riƙa duba adadin na'urorin da suka hau. Kuma ka tuna cewa tun daga Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Duk abin da wani ya aikata ta hotsifot ɗinka, in aka bi sawu, a kan layinka za a fara tsayawa, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma tana nan. Taimakon ɗan'uwa abu ne mai kyau, kuma al'adarmu ce. Ka dai san wanda kake ba. A ɗaya ɓangaren, in za ka shiga asusun banki, hotsifot ɗinka ya fi maka aminci a kan Wi-Fi na otal ko na tasha wanda ba ka san mai shi ba.

Ba zan ɓoye muku raunin wannan dogaro ba. A watan Satumbar 2021 aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ba kira kaɗai ya tsaya ba. Mai POS ya tsaya, ɗalibi mai cike fom ya tsaya, ma'aikacin asibiti mai tura rahoto ya tsaya, mutane suka riƙa shiga mota zuwa wata jiha don su aika saƙo guda. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma, manyan igiyoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama, har bankuna suka ji a jikinsu. Wanda ya saba ajiye takardunsa a cikin na'urarsa, wanda manhajar imel ɗinsa ke riƙe da tsofaffin saƙonni, ya ci gaba da aiki a irin waɗannan ranaku, ya jira layi ya dawo ya tura. Layi biyu na kamfanoni daban-daban ma dabara ce mai kyau ga duk wanda abincinsa ke kan intanet.

Magana ta ƙarshe ga waɗanda ke ɗaya gefen teburin, kuma na ga wasunsu a nan: masu kula da fotal na jami'o'i da kwalejoji, jami'an rajista, ma'aikatan hukumomi masu karɓar fom. Mutumin da ke cike fom ɗinku ba a ofis mai sanyi yake ba. Yana kan hotsifot ɗin aro, batir na kashi 15, sabis na zuwa yana ɗaukewa. In kun cika shafin farko da manyan hotunan gine-gine masu juyawa, kuɗinsa kuke ci kafin ya ga inda zai sa sunansa. In fom ɗinku mai shafi shida ne kuma ba ya ajiye abin da aka riga aka cike, to duk yankewar sabis tana mayar da shi farko. Ku sa kowane shafi ya adana kansa. Ku faɗi nauyin hoton da kuke so tun kafin a ɗora, ba bayan an jira minti biyar ba. Ku aika wa mutum shaidar karɓa ta imel, rubutu zalla, da lambar da zai iya kawowa in an samu matsala. Kafin ku buɗe kowane sabon shafi ga jama'a, ku ɗauki laftof da ƙaramar waya, ku fita bayan gari inda sabis sanda biyu ne, ku cike fom ɗin da kanku daga farko har ƙarshe.

Na ga hannaye sun fara tashi, kuma shugaban wannan zama ya ce akwai lokacin tambayoyi.